RA'AYINMU: Jirgin Kano zuwa Maradi, a gyara ƙofar tasha tun kafin ya iso

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tun daga ranar 9 ga watan Fabrairun 2021, lokacin da shugaban Najeriya na wancan lokaci, marigayi Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da aikin shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maradi, zancen jirgin ƙasa bai bar bakin 'yan kasuwar jiharmu ba. A rumfuna da tashoshin mota da wuraren masu shayi tambayoyi biyu ake ta maimaitawa: yaushe jirgin zai iso, kuma nawa za a sayar da tikiti? Akwai tambaya ta uku da ba mu cika jin ana yi ba, alhali kuwa ita ce ta fi shafar aljihun mai ƙaramin jari, wato nawa mutum zai kashe daga bakin titi zuwa cikin tarago, kuma hannun wa kuɗin za su shiga?

Idan ba a manta ba, a watan Satumban 2020 ne majalisar zartarwar Najeriya ta amince da kwangilar wannan aiki a kan dalar Amurka biliyan 1.96, aka bai wa kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal. Tsawon layin kilomita 284 ne, kuma an tsara ya bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya kafin ya tsallako iyaka ya tsaya a Maradi, ga kuma wani reshe da zai tafi Dutse ta jihar Jigawa. Masu tsara aikin sun yi ƙiyasin cewa zai riƙa ɗaukar fasinjoji sama da dubu 9 da kuma kaya kimanin tan dubu 3 a kowace rana. Ko shakka babu wannan babban al'amari ne ga ƙasar da ba ta da gaɓar teku, wadda kuma ba ta taɓa cin moriyar jirgin ƙasa ba tun da ta samu 'yancin kai a shekarar 1960.

To amma sai a lura, a Maradi layin zai tsaya. Ba zai je Tasawa ba, ba zai je Mayahi ba, har garin Maijirgi ma, duk da sunansa, ba zai ji ƙarar jirgi ba. Daga Tasawa zuwa Maradi kimanin kilomita 120 ne a kan babbar hanyar da ta bi ta Gazawa da Agiye da Cadawa. Daga Mayahi kuwa kusan kilomita 90 ne, a sauko Cadawa sannan a miƙe yamma. Na Urafan da Korgom da Hawandawaki da Kanambakashe da Gidan Amumun da Sarkin Hausa, sai sun fara fitowa daga ƙauyukansu a babur ko amalanke ko motar kasuwa kafin su kama kwalta. Ma'ana dai, babu wani ɗan kasuwa ko 'yar kasuwa daga waɗannan gundumomi biyu da zai isa tashar jirgi da ƙafarsa. Kowa a cikin abin hawa zai zo, da kaya a kai ko a bayan mota. Saboda haka duk kuɗin da aka ɗora wa abin hawa a ƙofar tasha, a kan fasinja aka ɗora shi, kuma mutumin Tasawa da na Mayahi za su fi mutumin cikin garin Maradi jin nauyinsa.

Mu ɗauki misalin wata baiwar Allah daga yankin Gulbin Kaba, inda goruba ta yi yawa, mata suke saƙar tabarmi da faifai da igiya. Ta tara ɗaurin tabarmi biyar, nata da na maƙwabtanta, tana son kai su Kano, ta sayar, ta shiga Kantin Kwari ta saro atamfa ta dawo. Ta biya kuɗin mota da kuɗin kaya daga Mayahi. Da suka iso Maradi direba ya ce shi kam ba zai shiga harabar tashar jirgi ba, domin ana karɓar kuɗi a ƙofa, ya sauke ta a bakin titi cikin rana. Mai kura ya ce sai dala sittin. A ƙofa aka ce kura ma sai ta biya dala ashirin. Daga ƙofa zuwa wurin awo an hana kura wucewa, ɗan dako ya karɓi dala arba'in. Wani mai riga da hula ya dubi kayan ya ce sun yi yawa, ya karɓi dala ashirin ba takarda. Ta kewaya bayan gida, dala goma. Ke nan dala ɗari da hamsin sun fita tun ba ta ga idon mai sayar da tikiti ba. Ranar dawowa haka za ta sake biya, ya zama jika ɗaya da rabi. Idan sau huɗu take tafiya a wata, jika shida ke nan, a shekara jika 72.

Wannan lissafi na misali ne, amma duk wadda ta taɓa sauka da kaya a tashar mota ta san ba a yi ƙari ba. Jika 72 ba komai ba ne a wurin Alhajin da ke loda tirela. A wurin mai tabarma, ko mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ko mai auna aya da zoɓo da tiya, kuɗin akuya ne da 'ya'yanta, ko kuɗin littattafai da kayan makarantar yara. Riba a irin wannan sana'a dala-dala ake tara ta, kuma dala-dala take zubewa.

Wani abin da ya kamata hukumomin Maradi su sa a ransu shi ne, mutumin Tasawa ba dole ba ne ya biyo ta Maradi. Kano tana kudu da shi ne, Maradi kuwa tana yamma. Tun kaka da kakanni yana da hanyarsa ta Gazawa zuwa Dankama ya faɗa Katsina, yana kuma da ta Matamaye zuwa Kongolam ya faɗa Daura, kuma Katsina da Daura duk suna kan wannan layi na dogo. Idan ya ga zai yi tafiyar kilomita 120 yamma don kawai a tatse shi a ƙofar tasha, to zai tsallaka ya hau jirgin a can, ko ma ya ci gaba da bin motarsa kamar yadda ya saba. Abin da zai biyo baya a fili yake: kuɗin tikiti da na dako da na abinci da na masauki duk su tafi tsallaken iyaka, tashar Maradi ta zama gini mai kyau da fenti, babu jama'a.

Tarihi ma ya nuna mana haka. A shekarar 1911 layin dogo ya iso Kano, kuma ba a jima ba gyaɗar ƙasar Hausa ta kama hanyar Kano, har da ta Tasawa da Maradi da Damagaram, a kan jakuna da raƙuma, daga baya a manyan motoci. Turawan Faransa ba su so haka ba. A shekarun 1950 suka ɓullo da shirin da suka kira Hirondelle, na kwasar gyaɗar Nijar a mota zuwa Paraku, inda layin dogon Dahomey ya tsaya, daga nan jirgi ya kai ta Kwatano. Sai da aka yi ta daidaita kuɗin dako da hannun hukuma kafin wannan doguwar hanya ta iya gogayya da ta Kano. Darasin shi ne, kaya ba su san tuta ba, inda aka fi sauƙi nan suke bi. Iyayenmu sun san wannan, jikokinsu da ke kasuwa a yau ma sun sani.

Mun kuma ga abin da ya faru a gida. A shekarar 2014 kamfanin Bolloré ya fara shimfiɗa layi daga Yamai zuwa Dosso, kimanin kilomita 140, aka yi bikin buɗe shi a watan Janairun 2016, da tasha da jirgi da kaɗe-kaɗe. Rikicin shari'a a kan wanda ke da haƙƙin aikin a ɓangaren Benin ya tsayar da komai, layin bai haɗu da na Paraku ba, kuma babu 'yar kasuwar da ta taɓa dogaro da shi ta kai kayanta kasuwa. Wannan ya isa ya koya mana cewa shimfiɗa ƙarfe da yanka kyalle ba su ne ke sa jirgi ya amfani talaka ba. Abubuwan da ake rainawa, a ce sai daga baya, su ne ke kashe babban aiki.

Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. A watan Yulin 2016 Najeriya ta buɗe layin Abuja zuwa Kaduna mai tsawon kilomita 186. Jama'a sun yi murna, kuma jirgin ya samu karɓuwa, musamman da masu garkuwa da mutane suka addabi hanyar mota. Sai dai tashar Kaduna tana Rigasa ne, ta Abuja kuma tana Idu, dukkansu nesa da tsakiyar gari. Haka tashar Ibadan ta layin Legas da aka buɗe a 2021, a Moniya take, can bayan gari. Duk wanda ya bi waɗannan jirage ya san cewa bayan kuɗin tikiti sai ya ware wani kuɗin na daban don isa tasha da kuma fita daga cikinta. Ga kuma 'yan cuwa-cuwar tikiti da suka yi kaka-gida, suna saye su ɓoye, su sayar wa matafiyi da tsada, har sai da gwamnati ta ɓullo da sayar da tikiti ta intanet a watan Janairun 2021. Wato sai da aka shekara huɗu da rabi ana cutar jama'a kafin a ɗauki matakin da ya kamata a ɗauka tun ranar farko. Mu da muke da damar gani kafin namu ya zo, ba mu da hujjar faɗawa ramin da muka ga wani ya faɗa.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Wannan jarida ba ta cewa a bar harabar tasha kyauta ga kowa da kowa. Tasha tana bukatar shara da fitila da ruwa da masu gadi, kuma duk da kuɗi ake yin su. Idan aka bar fili ba tsari, kafin wata uku ya zama garejin kanikawa da wurin kwanan manyan motoci, fasinja ya rasa inda zai sa ƙafa. Batun tsaro ma ba abin wasa ba ne, domin ba mu manta da harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga watan Maris na 2022 ba, inda aka kashe mutane, aka sace sama da 60, jirgin bai koma aiki ba sai a watan Disamban wannan shekara. Layin namu kuma ta yankin Jibiya zai bi, inda kowa ya san halin da aka shiga da 'yan bindiga. Dole a binciki mota, dole a binciki kaya.

Abin da muke cewa shi ne a bambanta mutum biyu. Akwai mai motar kansa da zai ajiye ta ya tafi Kano ya kwana uku, ana gadinta dare da rana. Wannan ya biya, kuma ya biya daidai da kwanakin da ta yi. Akwai kuma direban haya ko ɗan kabu-kabu da ya kawo fasinja, zai sauke shi ya juya cikin mintoci kaɗan. Wannan shi ke kawo wa jirgi ciniki, kuma babu mai shagon da ke da hankali da zai tsaya a ƙofar shagonsa yana karɓar kuɗi daga wanda ya rako masa mai saye. Bincike don tsaro kuma aikin hukuma ne, ba hajar sayarwa ba ce, bai kamata ya zama wata kafar karɓar na goro ba.

Dalilin da ya sa muke jin tsoro shi ne abin da muka saba gani a tashoshin mota da kasuwanninmu. Mota ɗaya, kafin ta tashi, mai karɓar kuɗin hukumar gari ya zo, na sandika ya zo, ɗan kamasho ya cire nasa, ga kuɗin hanya a shinge, ga waɗanda ba a san ma sunan abin da suke karɓa ba. Direba ba ya asara, a kan fasinja yake fanshewa, kuma sau da yawa abin da yake ƙarawa ya fi abin da aka karɓa a hannunsa. Wata takardar a ba ka, wata a karɓe ta a sake sayar wa na bayanka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma idan aka buɗe tashar jirgi ba tare da rubutacciyar doka a kan ƙofarta ba, to duk waɗannan hannaye za su ƙaura can tun makon farko, fitar da su kuwa sai an sha wuya.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatar sufuri ta ƙasa, da gwamnan jihar Maradi, da hukumar birnin Maradi, da duk wanda za a damƙa wa tafiyar da tashar, su zauna tun yanzu su fitar da tsari a rubuce, su kuma sanar da jama'a kafin ranar buɗewa. A ganinmu ga abubuwan da bai kamata a rasa a ciki ba.

Na farko, sauke fasinja da ɗaukarsa ya zama kyauta. A ware wani lokaci, ko minti goma sha biyar ne ko ashirin, wanda duk abin hawan da ya shiga ya fita a cikinsa ba zai biya ko tamma ɗaya ba. A tuna cewa sauke ɗaurin tabarmi biyar ko buhun aya uku daga saman mota ba kamar sauke mai jakar hannu ba ne, don haka kada a tsuke lokacin har ya zama tarko. Wanda ya wuce lokaci ya fara biya.

Na biyu, kuɗi ɗaya, hannu ɗaya, takarda ɗaya. Idan hukumar gari da sandika da masu tasha suna da kaso, su raba a ofis tsakaninsu, ba a kan fasinja ba. A kafa babban allo a ƙofa mai ɗauke da farashin komai, na mota da na babur da na kwana da na ajiyar kaya. Tun da dokar ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, babu dalilin rubuta allon da Faransanci kaɗai. A rubuta da Hausar boko da ta ajami, a zana hoton kowane abin hawa kusa da kuɗinsa saboda waɗanda ba su yi karatu ba, a kuma riƙa sanarwa a gidajen rediyon Tasawa da Mayahi. Wanda ya san farashi tun daga gida, da wuya a cuce shi a ƙofa.

Na uku, a yi wa abin hawan talaka wuri a kusa da ƙofar shiga. Mun sha ganin manyan gine-gine inda ake shimfiɗa wa motocin alfarma fili mai rumfa, a kori kabu-kabu da adaidaita da kura da amalanke can bayan katanga. Wannan tasha ta 'yan kasuwa ce, kuma kayan 'yan kasuwa a kan waɗannan suke tafiya. A ba kura hanya ta wuce har wurin awo, don kada a tilasta wa mutum biyan dako sau biyu a tafiyar taku ɗari. A yi wa 'yan dako rajista, a ba su riga mai lamba, a tsayar da kuɗin kowane irin kaya. Sannan kada a ba wata ƙungiya ɗaya tilo ikon ɗaukar fasinja a tasha, domin duk inda aka hana gogayya, farashi sama yake yi.

Na huɗu, motocin Tasawa da Mayahi su samu izinin shiga tashar jirgi kai tsaye. Idan aka ce dole sai sun sauke a tashar motar cikin gari, sannan fasinja ya sake neman abin da zai kai shi jirgi, an ƙara masa sauke da lodi da kuɗi ba gaira ba dalili. A ware musu layinsu a harabar tasha, su sauke na tafiya, su ɗauki na dawowa. Wannan zai amfani direbobin ma, domin ba za su koma wayam ba. Muna kira ga shugabannin sandikar direbobi su dubi jirgin nan a matsayin abokin ciniki, tun da shi ba zai iya zuwa Kanambakashe ya ɗauko fasinja ba, su ne za su kawo masa.

Na biyar, babba da yaro kowa ya biya. A watan Mayun 2024 gwamnatin Najeriya ta soke rangwamen da ake yi wa manyan mutane na shiga filayen jiragen sama ba tare da biyan kuɗin ƙofa ba, bayan da ministan sufurin jiragen sama, Festus Keyamo, ya koka cewa mafi yawan kuɗin da ya kamata a samu suna salwanta ta wannan hanya, har aka ce shugaban ƙasa da mataimakinsa ma su riƙa biya. Abin da ya faru a can ba baƙonmu ba ne. Idan mai jiniya da mai babbar riga suka wuce kyauta, a kan mai babur ake cike giɓin. Ban da motar asibiti da ta kashe gobara da ta jami'an tsaro da ke bakin aiki, kada a ɗaga wa kowa ƙafa.

Na shida, a tuna da mata da tsofaffi da naƙasassu. Wadda ta taso daga Isawan ko Urafan ba ta da tabbacin isowa daidai lokacin jirgi, musamman da damina, wani lokaci sai ta kwana. Tana bukatar zaure na mata mai fitila da tsaro, da ruwan sha da na alwala, da bayan gida mai tsabta wanda ba a karɓar kuɗi a hannun mai tikiti, da ɗakin ajiyar kaya mai takardar shaida. A yi gangara maimakon matakala kaɗai, saboda mai keken guragu da mai turin kaya da mai goyo. Kuma iyayenmu mata masu fura da tuwo da ƙosai, waɗanda ko ana so ko ba a so za su zo, a gina musu rumfuna da haya mai sauƙi tun farko, ya fi a bar su a rana ana korarsu yau, gobe a karɓi kuɗi a ƙyale su.

Na bakwai, a daidaita da Najeriya a kan duwan da takardu da canji. Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a watan Janairun 2025, kuma mun ga yadda rufe iyaka daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, suka durƙusar da masu ƙaramin jari. Dole a san tun yanzu a ina za a duba kaya da katin shaida, kuma sau nawa. Idan an duba a Maradi, kada a sake zazzage wa mutum kaya a Dan Isa, a kuma sake a Jibiya. A karɓi sefa a tashar Maradi a kan farashin da aka rubuta, kada a bar matafiyi a hannun 'yan canji a bakin taga.

Na ƙarshe, a riƙa faɗa wa jama'a abin da aka tara da abin da aka yi da shi. Idan za a ba ɗan kwangila karɓar kuɗin fili, a yi tallar kwangilar a fili, a san ko wane ne, a san nawa zai riƙa zubawa, kuma kada ya ƙara ko dala ɗaya sai da amincewar hukuma bayan an ji ta bakin 'yan kasuwa. Mutanenmu ba sa ƙin biya idan suna ganin fitila tana ci, famfo yana zuba, fili a share.

Ku kuma 'yan kasuwa, maza da mata, akwai naku aikin. Tun ran gini tun ran zane. Idan kuka zura ido har aka gama katanga aka naɗa masu karɓar kuɗi, kukanku zai zo a makare. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Tasawa da Mayahi, da ƙungiyoyin mata masu adashi da masu sana'ar hannu, su haɗa kai su rubuta bukatunsu, su kai wa shugabannin gundumominsu da sarakunansu da ofishin 'yan kasuwa na Maradi, su nemi a ba su kujera a duk kwamitin da zai tsara tashar, kuma a cikin wakilan a sa mata, domin su suka san nauyin kaya da goyo a lokaci guda. Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya, da hannunmu a cikin lalacewar tashoshinmu. Mu ne ke miƙa dala ashirin don a bar mu mu tsallake layi, mu ne ke cewa a bar takardar a rage mana kuɗi. Duk wanda ya biya ba takarda, ya sayi sandar da za a doki na bayansa da ita, gobe kuma a doke shi.

Najeriya ta ɗauki nauyin shimfiɗa ƙarfe har cikin ƙasarmu. Abin da ya rage a wuyanmu bai kai wannan tsada ba: fili da allo da rumfa da famfo, da doka wadda za ta hau kan kowa. Idan muka kasa wannan, ba mu da wanda za mu zarga. Ranar da jirgin farko zai tashi daga Maradi za a yi jawabai, za a ɗauki hotuna, manyan baƙi su watse. Washegari ne za a san ko an yi aiki, lokacin da mai tabarmar nan ta Gulbin Kaba za ta sauko daga motar Mayahi da ɗaurinta biyar, ta nufi ƙofa. Muna fatan ta shiga da kuɗinta a ƙulle a bakin zane, ba wanda ya taɓa su sai mai sayar da tikiti.

Allah ya nuna mana lokacin da rai da lafiya, ya kuma ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu.